Bishiyar Inna Hajo ta Cikin Rabin Duro

Akwai wata mata a Kudan mai suna Ummulhairi, matar wani manomin rake da ake kira Mu'awiyya. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Duk wanda ya san wannan sana'a ya san ba ta barin mutum ya miƙe bayansa. A soya, a murje, a kai niƙa, a matse, a sake komawa bakin wuta. Ga yara ƙanana, ga girki, ga rijiyar da in bazara ta kama sai an ƙara igiya kafin guga ya taɓa ruwa.

A kan wannan duka, kowace shekara in zafi ya kankama sai a sauke mata baƙi biyu: surukarta Inna Hajo, da bishiyar Inna Hajo.

Bari in faɗa muku asalin abin. Da mijin Hajo ya rasu, tsohon gidansu na ƙauye ya zube, 'ya'yanta maza suka zauna shawara. Maiwada, babban, yana Malikanchi ta ƙasar Ikara. Ja'afar yana aikin ofis a Makarfi. Mu'awiyya, autan, yana Kudan. Kowa ya ce shi zai riƙe uwa, kowa yana son lada. In kuma za a faɗi gaskiya, kowa yana tsoron nauyin ya faɗo masa shi kaɗai.

Sai suka raba shekara kashi uku. Damina a Malikanchi, kaka da sanyi a Makarfi, bazara a Kudan. Jama'a suka yi ta sa musu albarka, ana cewa ga 'ya'yan kirki. Ita tsohuwar kuwa babu wanda ya tuna ya tambaye ta.

Bishiyar kuma a Zariya aka samo ta. An kai Hajo asibiti an cire mata yanar ido, bayan ta daɗe tana ganin duniya dishi-dishi. Ranar da aka koma aka duba idon, suna hanyar dawowa ta hango masu sayar da shuke-shuke a bakin titi, ta ce a tsaya. Wata 'yar bishiya ce ta ja ta, mai fure ruwan hoda, a yamutse kamar bakin zanen da ba a goge ba. Ta ce tun da aka buɗe mata ido ba ta ga abin da ya yi mata kyau haka ba.

Mai sayarwar ya ce sunanta kiref matil, tana son rana sosai, ba ta son ruwa ya kwanta mata a gindi. Sunan bai zauna a bakin Hajo ba, kowa ya koma cewa bishiyar Inna.

To a ina za ta dasa ta, ita da ba ta shekara a wuri ɗaya? Sai aka yanko mata rabin duro, aka huhhuda gindinsa, ta zuba tsakuwa a ƙasa, ta cakuɗa ƙasa da yashi da tsohon taki ta cika. Duk inda aka sauke ta, dokarta ɗaya ce: a ɗora duron a kan bulo. Ta ce in ya zauna a ƙasa, saiwa za ta bi ta hudar ta shige. Ranar tashi kuma da kanta take durƙusawa da 'yar wuƙarta ta datse duk wata saiwar da ta leƙo.

Yanzu ku ji rabon Ummulhairi a cikin wannan tsari. A Makarfi, cikin sanyi, bishiyar take zubar da ganye. Sai ta iso Kudan tsirara, ƙirare kawai, ɓawonta yana saɓulewa. Shekarar farko saura kaɗan Ummulhairi ta karya reshe ta hura wuta. Hajo ta kankare ɓawon da farce ta nuna mata kore a ciki, ta ce, "Da ranta, 'yar nan. Barci take yi."

Daga nan sai aiki. Duron ƙarfe ne, ga shi a tsakiyar rana, don in an kai shi inuwa ganyen sai ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari. Ƙasar ciki ba ta da yawa, nan da nan take bushewa. Sai an naɗe duron da tsohon buhu don kada ƙarfen ya dafa saiwar, sai an ba ta ruwa safe da yamma. Hajo ba ta iya jan guga. Kun san hannun da ke ja.

Haka Ummulhairi za ta yi ta ɗawainiya har ganye ya fito, har kan rassan ya fara ƙulle-ƙulle. Daidai lokacin ne hadari zai fara haɗuwa, a-kori-kurar Maiwada ta tsaya a ƙofar gida, a kinkimi tsohuwa da duronta a yi Malikanchi. Shekara da shekaru tana ban ruwa, ko sau ɗaya ba ta taɓa ganin furen da idonta ba.

Wata rana da ta gaji ta tare mijinta.

"Baban Rumaisa, wai ita wannan bishiyar me take haifa?"

"Fure."

"Ana miya da shi?"

"Ba a yi."

"Magani ne?"

"Ban ji an ce ba."

"To ni ruwan da nake zuba mata da na zuba wa zogale, da yanzu unguwar nan kowa ya ƙoshi."

Mu'awiyya ya yi dariya ya ce ta yi haƙuri, ai saura kaɗan Yaya ya zo. Abin da yake faɗa mata ke nan kullum, ya ɗauki fartanya ya yi fadama.

Kada ku ɗauka Ummulhairi muguwa ce. Ba ta taɓa ɗaga wa tsohuwar murya ba. Tana dama mata kunu, tana wanke mata kaya, tana ɗumama mata ruwan wanka. Amma a zuciyarta jiran ranar tashi take yi. Hajo kuwa ba ta da fitina, shirunta ma shi ya fi damun mutum. Ko gishiri za ta ɗiba sai ta nemi izini. Akwai ƙusa a bangon ɗakinta, ba ta taɓa rataya ko ɗankwali a kai ba, kayanta kullum suna cikin jaka. Akwai kuma wani ɗan ƙunshi da ba ta kwancewa, in za a shiga mota a cinyarta take ɗora shi.

A bazarar da nake ba ku labari, zafi ya yi zafi. Wata safiya Ummulhairi ta ɗora babban kaskon suya, dutsen murhu ya dare, saura ƙiris mai ya kife mata a ƙafa. Ta duba tsakar gida ba ta ga abin tokarawa ba sai bulon da ke ƙarƙashin duro. Ta ɗauko taɓarya ta ɗaga gefen duron, ta zare bulon ɗaya bayan ɗaya, duro ya zauna daram a ƙasa. Ta ce a ranta in ta gama suya za ta mayar.

Ba ta mayar ba. Gobe ta zama jibi, bulo ya yi baƙi da hayaƙi, ya zama ɗan gida a murhu.

Ta riga ta shirya yadda za ta yi da hutunta. Da zarar an tafi da Inna, za ta kwashi yara ta je gidansu a Hunƙuyi, ta kwanta a ɗakin mahaifiyarta, wani ya dafa ta ci. Har ta wanke kayan tafiya.

Sai ga waya daga Malikanchi. Iskar farkon damina ta yaye rufin ɗakin da Hajo ke sauka. Maiwada ya ce a bar Inna a Kudan tukuna, da an gyara zai zo.

Ummulhairi ta koma ɗaki. Ta mayar da kayan cikin akwati, ta shiga madafa ta zauna a kan turmi, hawaye ya zubo mata. Gajiya ce kawai, irin wadda ko barci ba ya wanke ta.

Gyaran rufi kuwa kun san yadda yake in shuka ta kama manomi. Aka yi noman fari, aka yi maimai, ɗaki yana nan a buɗe. Hajo ta yi damina a Kudan.

A cikin daminar nan ne bishiya ta canja. Ta yi tsawo, ganyenta ya yi duhu, ko an yi kwanaki ba ruwan sama ba ta yaushi. Wata safiya Ummulhairi ta fito da tsintsiya, ta tsaya cak. Kan kowane reshe ya cika da fure, tuli-tuli, har rassan sun sunkuya. Ƙasan duron ya yi ruwan hoda da wanda ya zubo.

Hajo tana zaune a bakin ƙofarta. Ta ce, "Kin gani ko? Abin da kike shayarwa ke nan."

"Inna, da ma haka take yi?"

"Ba ta taɓa yin kamar na bana ba."

Matan maƙwabta suka fara shigowa kallo. In sun kalla sai su zauna, in sun zauna sai hira. Hajo da ba ta san sunan kowa ba a unguwar ta fara tambayar jikin wance da yaye ɗan wance. Har aka aiko mata da goron suna, da sunanta, ba a haɗa ta cikin na gidan Mu'awiyya ba. Ranar ta daɗe tana juya goron a hannu.

Ummulhairi ta ga duk wannan, ta ji daɗi, amma bai rage mata jan guga ba, bai rage wanki ba. Hunƙuyi tana nan a ranta.

Damina ta ja baya, aka gama rufi. Maiwada ya ce ko yaya ne sai Inna ta zo ta ɗan zauna a wurinsa kafin lokacin Makarfi ya yi, kada a ce shekara ta wuce bai riƙe uwarsa ba. Ya zo da hantsi da a-kori-kura, ya biyo ta Makarfi ya ɗauko Ja'afar.

Aka gaisa, aka sha fura. Hajo ta fito da jakarta, ta zauna a bakin ƙofa da ƙunshinta a cinya. 'Ya'yan nata uku suka kama duro.

"Bismillah!"

Duro bai motsa ba. Suka sake, har jijiyar wuyan Ja'afar ta tashi, ko gezau. Mu'awiyya ya durƙusa ya tona gefe da fartanya, ya ɗago ya dubi yayyensa. Saiwoyi ne suka bi ta hudojin suka shige ƙasa, wata ta kai kaurin babban yatsa, har ta yage ƙarfen.

Maiwada ya share gumi ya ce, "Ina bulon da ake sawa? Kai Mu'awiyya, kawo adda, rana tana yi."

Ja'afar ya ce, "Yaya, in aka sare wannan tana cikin fure, anya za ta rayu?"

Duk suka juya wajen tsohuwa. Hajo ba ta ɗago kai ba.

"Ku yanke, ba komai," in ji ta. "Ta saba. Za ta yi yaushi, ta zubar da furen. In da sauran kwana ta farfaɗo, in babu shi ke nan. Laifinta ne da ta manta tafiya za a yi."

Ummulhairi tana ƙofar madafa, tana jin komai. Hutunta ne ya zo har tsakar gida, sara ɗaya ya rage. Amma yadda tsohuwar ta yi maganar ya tsaya mata a rai. Ta tuna ƙusar da ba a taɓa rataya komai a kai ba. Ta tuna izinin gishiri. Ta tuna goron nan da aka yi ta juyawa a hannu. Shekarun nan duka tana kukan ita ce ta gaji, bai taɓa zuwa mata ba cewa wadda ake ɗorawa a mota ta fi ta gajiya.

Ba ɗabi'arta ba ce ta sa baki in yayyen miji suna magana. Ta ja mayafi ta fito, ta durƙusa daga gefe.

"Yaya, ku gafarce ni. Ni na cire bulon."

Hajo ta ce, "Na gani tun ranar."

Ummulhairi ta dube ta. "Inna, kin gani ba ki yi magana ba?"

"Idona ai an gyara shi, 'yar nan. Na ce bari dai ita ta taɓa ƙasa, ta ji yadda take."

Mu'awiyya yana riƙe da adda, ya rasa inda zai ajiye ta.

Ummulhairi ta ce, "Yaya, ina roƙon arziki. A bar bishiyar nan. A bar Inna ma."

Mijinta ya zaro ido, don shi ya san wadda ke tambayarsa kullum yaushe Yaya zai zo. Maiwada kuwa ransa ya ɗan ɓaci.

"Ke kin san abin da kike faɗa? Mu fa? A ce uwata tana raye, gidana babu ɗakinta? Me zan faɗa wa mutanen Malikanchi? Ladan kuma ku kaɗai za ku kwashe?"

"Ladan yana nan, Yaya, ba inda za shi. Motar da ke zuwa ɗaukarta ai za ta iya kawo ku. Ni dai a tambaye ta. Tun da aka fara, ban ji an tambaye ta ba."

Maganar ta yi wa Maiwada nauyi, amma mutum ne mai tsoron Allah. Ya cire hula, ya tsuguna gaban uwarsa.

"Inna, me kike so?"

Hajo ta dubi 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. Da ta buɗe baki, muryarta a ƙasa take.

"Duk kun yi mini, Allah Ya yi muku albarka. Ba wanda ya taɓa bari na kwana da yunwa. Amma na gaji, Maiwada. Sai na fara gane hanyar banɗaki ba lalube, sai a ce in tashi. Ƙawata ta rasu a Malikanchi ina Makarfi, ban ji ba sai da aka yi arba'in. Ko'ina ni baƙuwa ce, ana yi mini shimfiɗa mai kyau. Ina son in zauna."

Ja'afar ya juya baya yana goge ido da hannun riga. Maiwada ya sunkuyar da kai ya ce, "Ki yafe mana, Inna. Mun ɗauka daidai muke yi."

A ranar addar ba ta taɓa saiwa ba. Mu'awiyya ya kira maƙeri, aka tsaga duron daga sama har ƙasa, aka ɓare shi, aka tara ƙasa a gindin bishiya aka kewaye da bulo. A-kori-kura ta koma da damin rake a inda tsohuwa take zama.

Ba zan yi muku ƙarya in ce daga nan Ummulhairi ta huta ba. Hunƙuyi sai bayan kaka ta samu zuwa, shi ma ba ta daɗe ba. Akwai ranakun da ta zauna a kan turmin nan ta tambayi kanta wa ya aike ta. Tsufa ba ya komawa baya, wanki ma ƙaruwa ya yi.

Amma abubuwa sun juya ta inda ba ta zata ba. Da bazara ta dawo, bishiya ba ta nemi guga safe da yamma ba, saiwarta ta riga ta yi nisa. Matan Maiwada da Ja'afar suka koma zuwa Kudan bi da bi, su kwana biyu su karɓe ta aiki. Hajo kuwa, da ta san ba tashi za a yi ba, sai ga wata mace daban. Ta karɓe ɓarar gyaɗa da tsinta. Ta karɓe goyo. Ta fara faɗa in an bar tsintsiya a hanya, har ta kan leƙa tukunya ta ce gishiri bai ji ba. Ranar da ta fara yi mata faɗa, Ummulhairi dariya ta yi har da riƙe ciki.

Ta kuma yanki ƙananan rassa ta kafa a gwangwanaye da tsofaffin bokitai masu huda, ta ajiye su a inuwa har suka kama, sannan ta fitar da su rana. Ta ba Maiwada, ta ba Ja'afar. Ta ce, "Ga naku. In kun ga dama ku bar su a bokiti, in kun ga dama ku sa a ƙasa. Ni dai tawa ta zauna."

Wata rana da la'asar, furen shekara ta biyu yana zuba, Hajo ta kira Ummulhairi ɗaki. Zannuwanta suna rataye a ƙusa, jakar tana ƙarƙashin gado babu komai a ciki. Ta ɗauko ƙunshin nan ta kwance a gabanta. Farin yadi ne sabo, a ninke, da ɗan turare a ciki.

"Likkafanina ne," in ji ta. "Shekarun nan a cinya nake yawo da shi, don ban san garin da za a neme shi ba. Ina tsoron in faɗi a Kudan yana Makarfi."

Hajo ta miƙa mata shi.

"Karɓi, ki sa mini a ƙasan akwatinki. Ke za ki fito da shi. Uwa ta haifi 'ya'ya maza uku, ashe 'yarta tana gidan autansu tana jan guga."

Ummulhairi ta karɓa da hannu biyu tana kuka. Ta kai ɗakinta, ta ɗaga kayan da ta taɓa wankewa don tafiya Hunƙuyi, ta sa shi a ƙasa ta rufe.

Darasi: Ciyar da iyaye da tufatar da su ba shi ne ƙarshen kula da su ba. Tsoho yana bukatar wurin da zai kira nasa, yana bukatar a tambaye shi abin da yake so kafin a yanke masa shawara, ko da niyyar mai yankewar lada ce. Kuma in ka gaji da hidimar wani, ka dubi fuskarsa, wataƙila ya fi ka gajiya yana shiru ne don kada ya dame ka. In iyayenka suna raye, yau ka zauna ka tambaye su. Ku tura wa 'yan uwanku wannan labari, musamman waɗanda kuke raba hidimar iyaye da su.